Kalmar Da Babana Ya Kawo Daga Kumasi

Shekarun baya, zamanin da soja ke riƙe da ƙasar nan, ina 'yar kwaleji a Filinge, akwai wata kalmar Ingilishi da ta zama kamar 'yar gida a wurinmu. Jiya wata ɗalibata ta tambaye ni ma'anarta a cikin aji. Na ba ta amsa a taƙaice na wuce, amma abin ya tsaya mini a rai. Shi ya sa na ce bari in ba ku labarin, ku da kuke bibiyar rubutuna.

Babana tela ne. A Kumasi ya koyi ɗinki, a hannun wani tsohon tela Ba'ashante, ya dawo gida lokacin da aka kori baƙi daga Gana. Da kan keken ɗinki ya dawo, naɗe cikin bargo, sai kuma wannan kalma. Sauran Ingilishin da ya koya duk ya zube masa a hanya. Kalmar ita ce proportionally, amma shi "farfoshanali" yake cewa, yana jan ƙarshenta kamar mai kiran akuya.

In mutum ya kawo masa tsohuwar rigarsa a rage wa ɗansa, sai ya ɗaga ta sama ya duba, ya ce, "Wagga sai an rage ta farfoshanali." Mai riga ya gyaɗa kai kamar ya gane. Ko a gida ba mu tsira ba. Ranar da aka samu nama, mahaifiyata na rabawa, sai ya leƙo ya ce a raba farfoshanali, babba da babbar tsoka, ƙarami da ƙarama. Ita kuma ta ce, "Malam, ka ci naka ka ƙyale mu da yaren Kurmi." Shi a saninsa kalmar teloli ce, maigidansa na Kumasi ne ya ƙago ta.

Da muka fara Ingilishi a kwaleji, mushen, wato malamin da ke koya mana, mutumin Gana ne. Wata rana na yi ƙarfin hali na ɗaga hannu, na tambaye shi ko akwai wata kalma farfoshanali. Sai da na maimaita masa, sannan ya tuntsire da dariya, ya ɗauki alli ya rubuta ta a allo. Ya ce asalinta Latin ne, daga pro portione, wato bisa ga rabon kowane abu. Faransawa suka ɗauka, Ingilishi suka aro daga wurinsu, suka liƙa mata -ly a gindi don ta nuna yadda aka yi aiki, kamar yadda Faransanci ke liƙa -ment. Ya ja mana kunne kada mu rikita ta da raba daidai. Ya ce in uwa ta zuba wa manomi da jariri hura ludayi ɗaya ɗaya, ta raba daidai, amma ba ta yi hankali ba. In ta ba kowa abin da cikinsa zai ɗauka, to ta raba proportionally.

Ranar ko gida ban biya ba. Kasuwa na nufa, rumfar babana, kaina kamar zai taɓa sama. Ga ni da ilimin yini ɗaya, zan je in gyara wa mutumin da ya shekara ashirin yana cin abinci da kalmar. Na tsaya masa a kai na zazzage komai, har da yadda ake murɗa harshe a furta ta. Bai dakatar da keken ba sai da na gama.

Ya ce, "Su Latin ɗin ga, suna ɗinki?"

Na ce, "Baba, ai sun mutu tun tuni."

Ya ce, "To, sun bar abu mai amfani."

Na ce ai ko da Hausa muna da ita, gwargwado ke nan, ba sai ya wahalar da bakinsa ba. Sai ya girgiza kai ya ce gwargwado ta lalace a bakin mutane. "In kin tambayi mutum lahiya yac ce miki daidai gwargwado, ai kin san babu lahiya." Ya ci gaba da taka kekensa. Har ya bar duniya bai sauya yadda yake faɗinta ba.

A shekarar ce, bayan an gama kai hatsi rumbu, mahaifiyata ta fara ciwo. Mace ce mai jiki, mai ƙarar murya. Kopto take sayarwa a ƙofar gida, wato kwaɗon zogale, kuma daga bakin titi ana jin dariyarta. Da farko abinci ta daina so. Ta sha jiƙe-jiƙen da maƙwabta suka kawo, babu sauƙi. Babana ya kai ta asibiti, lokotoro, wato likita, ya duba ta, ya tattaɓa cikinta, sannan ya ja babana gefe suka daɗe suna magana. Da suka dawo gida ya ce mana ciwon ciki ne, sai a hankali. Mu biyu ne kawai 'ya'yanta da suka rayu, ni da yayana, shi kuwa soja ne, yana can arewa mai nisa. Saboda haka wanki da girki suka dawo kaina.

Wata rana da azahar na kai masa abinci rumfa, sai na ga wata rigar atamfa mai ruwan ganye a kan teburinsa, an farke ta gaba ɗaya, hannu daban, gaba daban, baya daban. Na san ta. Ni na wanke ta shekaranjiya, na yi ta nemanta a kan igiya ban gani ba.

Na ce, "Baba, wagga ba rigar Inna ba ta?"

Ya dubi hanya, ya ga babu mai zuwa, ya ce in zauna. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce lokotoro ya gaya masa akwai wani abu da ke cin hantarta, ya riga ya yi nisa. Ko Yamai aka kai ta wahala kawai za a ƙara mata. A mai da ta gida, a ba ta abin da ranta ke so. Yana magana yana ja wa yadin layi da alli. Ni kuwa na ajiye kwanon abincin a ƙasa.

Da na ɗan natsu sai ya nuna mini abin da yake yi. Ya ce mahaifiyarki ba ta tsoron ciwo, abin da take tsoro ta zama abin kallo. Ran nan ya gan ta tana jan wuyan riga tana mayarwa kan kafaɗa, fuskarta ta sauya. In ya tsuke ƙugu kawai, kafaɗa za ta zube, wuya ya yi hamma, kowa ya gane an rage. Amma in ya farke ta duka, ya ɗebi kaɗan a ƙirji, ɗan ƙasa da haka a kafaɗa, ƙanƙani a hannu da wuya, kowane waje da rabonsa, rigar za ta koma yadda take sak, sai dai ta zama ƙanwar kanta.

Ya ce, "Shi na farfoshanali. Ido ba shi kama shi."

Aikina shi ne in na yi wanki in zare riga ɗaya in kawo masa, in ya gama in goge in mayar cikin akwatinta kafin ta nema. Haka muka yi ta yi har sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Wata rigar sai da ta koma rumfa sau da yawa. Kuma abin ya yi aiki fiye da yadda muka zata. Matan unguwa in sun shigo gaisuwa sai su ce, "A'a, jiki ya yi kyau, alhamdu lillahi." Ni kaina da na san gaskiya, da hannuna ake yin abin, wani lokaci sai in dube ta zaune a inuwar bishiyar bedi cikin riga cif da jikinta, in ce wa raina anya lokotoron nan bai yi kuskure ba?

Ko ta sani? Ba ta taɓa tambaya ba. Awarwaronta da suka fara zamewa ita ta cire da kanta, ta ce nauyi suke mata. Sau ɗaya dai, ina ɗaura mata kallabi, ta shafa gaban rigarta ta ce, "Ni kam rigunana sun hi ɗiyana jin magana. Duk inda na nuhwa, nan suke bi na." Ta yi murmushi, ta ce in miƙo mata ruwa. Ban gaya wa babana ba.

Ana saura 'yan kwanaki ƙaramar Salla yayana ya sauka, ba tare da ya aiko ba. Ya fi shekara rabonsa da gida. Ya shigo da kakinsa da takalmansa masu nauyi, yaran unguwa na biye da shi. Ya durƙusa gabanta ya gaishe ta, na ga ya ɗan tsaya yana kallonta, amma murna ta rufe komai. Maƙwabta suka cika tsakar gida. Ya buɗe jaka ya fito da tsarabarsa: riga da zani na shadda ruwan ƙasa, an yi wa wuyan aiki mai kyau. Ashe da zai tafi ya ɗauki wata tsohuwar rigarta, da ita telan can ya yi awo. Yana ta alfahari, wai yau dai Inna za ta sa ɗinkin da ba na Baba ba.

Ta ce a bari sai ranar Salla. Ya ce a'a, shi yanzu yake son gani. Matan suka taya shi. Na dubi ƙofa ko babana zai shigo, bai shigo ba, yana kasuwa. Ta dafa ni muka shiga ɗaki, na taimaka mata ta sa.

Da muka fito, kowa ya zuba mata ido. Wuyan rigar ya sauko har ya bar ƙasusuwan ƙirjinta a waje. Kafaɗar ta faɗo kusan gwiwar hannu. Hannayenta a ciki kamar karan gero. Rigar nan ita ce mahaifiyata ta bara, ga ta bana tsaye a cikinta, duk abin da ciwo ya cinye ya fito fili lokaci guda. Ita ma ta sunkuya ta dubi kanta, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗago ta ce, "Telan ga naku ya yi zaton uwar soja giwa ta." Babu wanda ya yi dariya. Wata tsohuwa ta fara salati a hankali. Yayana ya miƙe ya fita.

Na bi shi da gudu har kasuwa. A lokacin nan, in mai kaki ya ratsa kasuwa da sauri, hanya ake ba shi. Ya tsaya a bakin rumfa, ko sallama babu.

"Baba, tun yaushe?"

Babana ya ɗago ya ce, "Sannu da hanya. Zamna."

"Ba ni zama. Tun yaushe take haka ba wanda ya aiko mini?"

Idonsa ya faɗa kan wata rigarta da ke rataye a ƙusa, da layin alli a jiki. Ya ɗauko ta ya jujjuya, ya dube ni, ya dubi babana. Ba sai an yi masa bayani ba. Ya ce, "Tana mutuwa, kai kana ɗinki."

Teloli na kusa duk sun tsayar da kekunansu. Babana ya gaya masa abin da lokotoro ya ce, da murya ƙasa ƙasa. Yayana ya ce lokotoron ƙauye ba Allah ba ne, a Yamai akwai manyan likitoci, akwai na'urori, kuma shi ba zai zauna ya zuba ido ba. Babana ya ce, "Ka tambaye ta abin da take so." Ya ce ba tambaya zai yi ba, mota zai nemo. Ban taɓa jin ya ɗaga wa babanmu murya ba sai ranar. Kuma ban taɓa ganin babanmu ya yi shiru a gaban ɗansa ba sai ranar. Har yanzu ban san ko ɗansa ya yi wa shiru ba, ko kakin.

Da aka gaya mata, ta ce ita da an bar ta a ɗakinta. Ta dubi yayana, ta ga idonsa ya yi ja, sai ta ce, "Amma in hankalinai zai kwanta, mu tahi."

Kashegari ya samo wuri a wata motar gwamnati da za ta Yamai. Wurin mutum uku ne kawai, ita da shi da ni mai jinya. Aka ce babana ya biyo motar 'yan kasuwa ranar Lahadi in kasuwa ta tashi. Ya rako mu har bakin mota, ya gyara mata matashi, ya ce, "Sai na iso." Ta ce, "Kada ka manta ka ba awaki ruwa." Iyakar sallamarsu ke nan.

Hanyar ta wahalar da ita ƙwarai. Kowane rami sai ta runtse ido ta damƙe hannuna. A Yamai kakin yayana ya buɗe mana ƙofofi, aka ba ta gado ba tare da jira ba. Likitocin sun yi abin da za su iya. Suka ɗebi jini, suka ɗauki hoto, suka sa mata ruwa. Bayan kwana biyu babbansu ya kira yayana ya gaya masa abin da lokotoron Filinge ya riga ya gaya wa babana, kusan kalma da kalma. Yayana ya ce to a ba shi ita ya mai da ta gida. Aka ce ba za ta kai ba.

Ɗakin cike yake da mata, yawancinsu Zabarmanci suke yi, ga ƙarar rediyon wata, ga 'yan dubiya na shiga da fita. Ta riƙa tambayata yau wace rana. Ranar Litinin da hantsi ta cika, tana kallon ƙofa. Kafin azahar an yi mata sutura an kai ta, a wata maƙabarta mai faɗi da ban san kowa a cikinta ba.

Babana ya iso da la'asar. Motarsu ta lalace a hanya, ga tsaye-tsayen shingen jandarma. Ya same mu zaune a gindin wata bishiya a harabar asibiti, ya ga tabarmarmu a naɗe, ya gane. Ya yi salati, ya zauna a ƙasa. Can ya kwance ƙullin da ke hammatarsa. Shaddar nan ce ruwan ƙasa. Ya farke ta duka ya rage, har aikin wuyan ya kwance ya mayar, ba ka cewa an taɓa. Ya miƙa wa yayana ya ce, "Na so ta sa tsarabarka ran Salla." Yayana ya kasa miƙa hannu. Ni na karɓa.

Ba su sake yin faɗa ba, amma ba su sake yin hira ba. Gaisuwa ce kawai, ina kwana, ina gajiya, sai kowa ya dubi gefe. Babana ya koma rumfarsa, sai dai ya daina karɓar ɗinkin mata, ya ce idonsa ya yi rauni. Soja suka sauka, farar hula suka hau, soja suka sake dawowa, duk gidanmu yana yadda yake. Na yi ƙoƙarin haɗa su, in ƙirƙiro dalilin da za su ci a kwano ɗaya, su ci su tashi ba wanda ya ce uffan. Da babana ya kwanta ciwon ajali, yayana ya zo ya yi jinyarsa da hannunsa, yana juya shi, yana yi masa wanka. Ko sau ɗaya bai ambaci Yamai ba. Na yi zaton a nan za su yi maganar. Ba su yi ba.

Na zama malamar Ingilishi, kuma na koyar da kalmar nan ga ɗalibai masu yawa. A allo tana da sauƙi: kowane abu da rabonsa, gwargwadon girmansa. Na daɗe ina son in yi wa abin da ya faru irin wannan rabo, in ce ga kason babana da ya ɓoye, ga na yayana da ya tilasta, ga nawa da na yi ta safarar riguna. Na kasa. Duk lokacin da na auna sai in ga babu wanda ya yi abin da ya yi sai don yana son ta. Abin da na koya bai wuce wannan ba: mutum biyu suna iya son mutum ɗaya da zuciya ɗaya, kowa ya yi iyakar abin da ya sani, kuma a tashi babu wanda ya huta. Mutanen da ke wajen gida suna saurin cewa ga mai gaskiya. Ni da nake ciki har yau ban gano shi ba.

Yayana ya yi ritaya tuntuni, ya tsufa, gashinsa fari fat. Bara ya zo wurina ya kwana biyu. Muna zaune da rana ina tsince shinkafa, sai ya ce, "Ƙanwata, da na bar ta gida, da ya hi?"

Shekaru masu yawa ke nan, bai taɓa tambayata ba. Na san abin da kowa ke gaya masa, cewa kwana ne ya ƙare, ko'ina take sai ta tafi. Gaskiya ne, kuma na buɗe baki zan faɗa. Sai na ga yadda yake kallona.

Na ce, "Yaya, ban sani ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Ni ma." Sannan ya ce duk duniya ni kaɗai ce ban lallashe shi ba, kuma ya gode.

Aka kira la'asar. Ya ɗauki buta ya zagaya bayan ɗaki. Ina nan zaune da faifai a cinya, ina jin ruwa na zuba, ya daɗe ƙwarai yana wanke fuska.